Fitilar ABS ta kunna a tsohuwar mota: ta ina za a fara dubawa

Yawancin ƙananan motocin da ke yawo a Maraɗi sun riga sun ci shekara goma sha biyar ko ashirin a Turai kafin a sauke su a Kwatano, a biyo da su ta Gaya da Doso. Corolla, Carina E, Avensis, Golf, Peugeot 406 da tsofaffin Marsandi, da yawansu da ABS suka zo, wato na'urar da ke hana taya ƙamewa idan an taka birki da ƙarfi. Tun 1978 kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz suka fara sa shi a mota, daga tsakiyar 2004 kuma masu ƙera motoci a Turai suka mayar da shi abin da kowace sabuwar mota ke fitowa da shi. Na'urar da ta sha gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin sanyi, ta zo nan ta haɗu da ƙurar hunturu da zafin Afrilu da gargadar hanyar ƙauye, dole wata rana wani abu a cikinta ya gaza. Ranar da hakan ta faru, fitila mai ruwan ɗorawa da aka rubuta ABS a kanta za ta tsaya a kunne a tablo.

Abu biyu aka saba yi a nan, duka biyun kuwa asara ce. Ko dai a buɗe tablo a zare ƙwan fitilar a ce an gyara, ko kuma tun ba a auna komai ba a ce wa mai mota akwatin ABS ya mutu, a nemo wani daga Jibiya ko Katsina. Akwatin yana mutuwa, amma shi ne na ƙarshe a jerin waɗanda ake zargi. Mafi yawan lokuta ciwon yana jikin taya ne ko a batir, inda gyaran ba ya cin kuɗi sosai.

A taƙaice ga yadda abin yake aiki. A jikin kowace taya akwai zobe mai haƙora da ke juyawa tare da ita, kusa da shi kuma akwai sensa da ke ƙirga haƙoran suna wucewa. Waya na kai wannan ƙirgen zuwa ƙaramar kwamfuta da ke manne da akwatin ABS, wato dunƙulen farin ƙarfen nan da ke ƙarƙashin bonet wanda bututun birki biyar ko shida suka shiga jikinsa. Idan direba ya danne birki da ƙarfi, kwamfutar ta ga wata taya na shirin ƙamewa alhali sauran na gudu, sai ta sa bawul ya sassauta matsin man birkin wannan tayar, famfo ya mayar da man, a sake matsewa, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Shi ya sa feda ke rawa a ƙarƙashin ƙafa. Amfanin shi ne tayar da ba ta ƙame ba tana jin sitiyari, direba na iya kauce wa ɗan kabu-kabu ko amalanke yana kan birki.

Fara karanta fitilar

Murɗa makulli har fitilun tablo su kama, kada ka tayar da inji. Fitilar ABS ya kamata ta kunna, ta yi daƙiƙa 2 zuwa 4, ta mutu da kanta. Idan ko kaɗan ba ta kunna ba a motar da ke da akwatin ABS, to ƙwan ya ƙone ko wani ya zare shi. Mai sayen mota ya riƙe wannan da kyau. Akwai ma masu haɗa wayar fitilar ABS da ta fitilar man inji ko ta batir, don su riƙa mutuwa tare. Alamar wannan ha'incin ita ce fitilar ba ta mutuwa sai inji ya tashi, kuma daidai lokaci ɗaya da ɗayar.

Lokacin da fitilar ke kunna yana nuna inda za a dosa. Wadda ta tsaya a kunne tun mota ba ta motsa ba, matsalar wuta ce: fis, batir, wayar sensa da ta tsinke, ko kwamfutar kanta. Wadda ta mutu lafiya, sai da mota ta fara tafiya ta kai gudun kilomita 10 zuwa 20 ta dawo, kwamfuta ce ba ta samun ƙirgen wata taya daidai, a duba datti a bakin sensa, zobe ko boris, wato ƙarfen mai ƙwallaye da taya ke juyawa a kansa. Wadda ke kunna idan an faɗa rami ko an karya sitiyari har ƙarshe, waya ce ta karye a cikin robarta. Wadda kuma ba ta fitowa da safe, sai inji ya yi zafi ko rana ta take, tana nuni ga cikin kwamfutar.

Idan fitilar ABS ce kaɗai a kunne, birkin yau da kullum yana nan. Mota za ta tsaya, sai dai tayoyi za su iya ƙamewa su ja da ƙasa a birkin gaggawa, musamman kan kwaltar da ruwan farkon damina ya jiƙa. Ana iya tuƙa ta a hankali zuwa garaji, a bar tazara mai yawa.

Jar fitila mai alamar motsin rai cikin da'ira daban take. Ita tana cewa ne birkin hannu bai sauka ba, ko man birki ya yi ƙasa. Idan ja da mai ruwan ɗorawa suka kunna tare, birkin hannu kuma a sauke yake, a gangara gefen hanya a tsaya. A motoci da yawa da aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1990, akwatin ABS ne ke raba ƙarfin birki tsakanin gaba da baya. Idan wannan rabon ya tsaya, tayoyin baya na iya riga na gaba ƙamewa, mota ta juya da mutum. Ba a kama hanyar Tasawa ko Gidan Rumji da fasinja a wannan halin.

Masu Land Cruiser da Hilux su lura: a wasu daga cikinsu, da zarar an sa makullin difaranshal, ABS na kashe kansa, fitilar ta kunna. Haka aka ƙera su. A cire makullin, a ɗan matsa gaba, za ta mutu.

Abubuwan da ba sa cin kuɗi

Batir ne farko. Zafinmu yana cinye batir da wuri, kuma kwamfutar ABS ba ta jure ƙarancin wuta: idan ƙarfin ya faɗi zuwa wajen volt 10, sai ta janye daga aiki ta kunna fitila. A sa mitar auna wuta a kan batir inji a kashe. Cikakken batir na nuna 12.6, idan ya sauka ƙasa da 12.2 ya yi rauni. A tayar da inji, a kunna fitilun gaba da na'urar sanyaya mota, mita ta nuna tsakanin 13.5 da 14.5. Ƙasa da haka altaneta ba ta caji sosai, sama da 15 kuma tana wuce ƙima, wannan ma yana kunna fitilar kuma yana iya ƙona kwamfutar. A kwance kawunan batir a goge farin garin da ya taru, a ɗaure tam. Kan batir da aka cusa wa ƙusa don ya kama ba gyara ba ne.

Daga nan sai fis. ABS na da a ƙalla biyu, sau da yawa uku: babba mai lamba 30 zuwa 60 na famfo, matsakaici mai lamba 20 zuwa 30 na bawul, da ƙarami mai lamba 5 zuwa 10 da ke ba kwamfuta wuta idan an murɗa makulli. Manyan suna akwatin fis na ƙarƙashin bonet. A auna su da mita, domin ido na yaudara. Fis ɗin da ya ƙone a maye shi da mai lamba ɗaya da shi. Idan sabon ya sake ƙonewa nan take, akwai wayar da ke taɓa ƙarfe ko famfo ya cije, kuma naɗa zaren waya a gurbin fis hanya ce ta ƙona mota gaba ɗaya. Kusa da akwatin ABS akwai baƙar waya ko mai ruwan ƙasa da aka ɗaure da noti a jikin ƙarfen mota. A kwance ta, a kankare tsatsa har ƙarfe ya yi haske, a mayar.

A dubi robar man birki, mai ya kasance tsakanin layin sama da na ƙasa. Idan ya sauka, kada a cika kawai a tafi. Ko dai filaket, wato abin da ke matse faifan birki, ya cinye, wanda ake canzawa idan kaurinsa ya kai milimita 3, ko kuma akwai yoyo. A leƙa bayan kowace taya da bututun roba a nemi danshi.

A sa wani ya tsaya a baya a taka birki. Idan fitilun birki ba su kama ba, ko sun ƙi mutuwa, ɗan makunnin da ke saman feda ne, kuma shi kaɗai ya isa ya kunna fitilar ABS a motoci da dama. Sannan a karanta lambar da ke jikin tayoyi huɗun. Mu da muke sayen tayoyin gwanjo ɗai-ɗai, ba wuya a sami 185/65 a hagu, 195/70 a dama. Ƙaramar taya ta fi babba yawan juyawa, kwamfuta kuwa ba ta san dalili ba, sai ta ɗauka sensa ce ke ƙarya.

Tambayi motar da kanta

Duk lokacin da fitilar ta kunna, kwamfutar na ajiye lambar da ke faɗin dalili. Karanta wannan lambar ya fi duk wani kintace. Motocin Amurka daga 1996, da na Turai masu fetur daga 2001, masu gas daga 2004, suna da soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari. Sai dai ƴar ƙaramar na'urar nan mai arha da ake haɗawa da wayar hannu, yawanci inji kawai take karantawa. Za ta ce babu matsala alhali fitilar ABS na ci. Kafin ka biya kuɗin sa kwamfuta, ka tambaya kai tsaye: “Maigida, na'urar taka tana shiga ABS, ko inji kaɗai take gani?” Ka kuma nemi a rubuta maka lambar kafin a goge ta.

A Toyota, C0200 na nufin sensar gaba ta dama, C0205 gaba ta hagu, C0210 baya ta dama, C0215 baya ta hagu. A Golf da Passat, 00283 gaba hagu, 00285 gaba dama, 00287 baya dama, 00290 baya hagu, 01276 kuma famfo. Hagu da dama ana ƙirga su ne daga mazaunin direba yana kallon gaba, ba daga wanda ya tsaya a gaban bonet ba. An sha canza lafiyayyar sensa saboda wannan ruɗanin.

Tsofaffin Toyota suna faɗin lambarsu ko babu kwamfuta. A ƙarƙashin bonet akwai ƙaramin soket mai murfi, a cikin murfin an zana sunayen ramukan. Makulli a kashe, a haɗa ramin Tc da na E1 da guntuwar waya. A wasu akwai ɗan ƙarfe da ya haɗa Wa da Wb, sai an zare shi tukuna. Waɗanda ke da soket mai rami 16 kuma, rami na 13 ake haɗawa da na 4, a yi hattara da na 16 domin wutar batir ce kai tsaye. A murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, a ƙirga ƙiftawar fitilar. Ƙiftawa uku, ta ɗan dakata, sannan ɗaya, 31 ke nan, gaba dama. 32 gaba hagu, 33 baya dama, 34 baya hagu. 41 ƙarfin wuta ba daidai ba, 49 makunnin fitilar birki, 51 famfo ya cije, 11 da 13 kuma rile, wato makunnin lantarki, na bawul da na famfo, ko fis ɗinsu. Idan tana ƙiftawa da sauri ba tsayawa, babu lambar da aka ajiye. Bayan gyara, wayar na haɗe, a taka birki sau 8 ko fiye da sauri cikin daƙiƙa 3 zuwa 5, lambobin za su goge. Wannan dabarar ta Toyota ce, kada a gwada ta a Peugeot ko Golf.

Lambar da ta ce sensar gaba ta dama ba ta ce a sayi sensa ba. Cewa ta yi saƙon wannan tayar bai iso daidai ba. Tsakanin tayar da kwamfuta kuwa akwai zobe, boris, sensa, waya da soket biyu. Na'ura mai kyau tana nuna gudun kowace taya ana cikin tafiya: uku na cewa 20, ɗaya na cewa 0 ko tana tsalle-tsalle, an gano tayar.

Sensa da wayarta

A ɗaga motar a jak, a sa mata abin tokara mai ƙarfi, a cire taya. Sensar na soke ne a bayan faifan birki, noti ɗaya ke riƙe da ita, yawanci na sifana mai lamba 10. Kafin a taɓa ta a bi wayarta da yatsa daga nan har inda ta shige jikin mota. A nemi inda taya ta goge ta, inda aka matse ta lokacin canza shokoba, inda ɓera ya ci, da inda wani ya taɓa murɗe ta ya naɗe da salatif. A buɗe soket. Koren tsatsa a kan haƙoransa alama ce ruwa ya shiga, ko daga kududdufin damina ko daga tiyon masu wankin mota.

Sensa iri biyu ce, kuma sai an san wadda ake riƙe da ita kafin a sa mita. Tsohon iri, wanda ke kan yawancin motocin shekarun 1990, naɗin siririyar waya ne a kan maganaɗisu, bakinta na kama sukundireba, kuma tana fuskantar zobe mai haƙoran ƙarfe da ido ke gani. Irin wannan ana auna ta a ohm. Yawancinsu suna tsakanin 800 da 2000, amma abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne ta yi kusa da ta ɗaya gefen. Idan mita ba ta nuna komai ba, naɗin ko wayar ya tsinke. Mita na haɗe, a riƙa lanƙwasa wayar taƙi-taƙi, musamman inda take lanƙwashewa idan an juya sitiyari. Lamba ta yi tsalle, nan karayar take. A auna kowane haƙori da jikin mota, bai kamata a ga haɗi ba. Daga nan a mayar da mita kan AC, a juya tayar da hannu kamar zagaye ɗaya a daƙiƙa. Lafiyayyar sensa za ta ba da volt 0.1 ko fiye, ya ƙaru idan an ƙara sauri.

Sabon iri ya fara yawa daga wajen shekarar 2000. Ita wannan kwamfuta ce ke ba ta wuta, tana mayar da saƙo ta hanyar sauya ƙarfin wutar da take ja tsakanin miliamfa 7 da 14. Auna ta a ohm ba ya faɗin komai, yana ma iya lalata ta. Abin da mita za ta iya yi shi ne ta tabbatar wuta na zuwa soket daga ɓangaren mota idan an murɗa makulli. Sauran aikin na na'urar bincike ne, ko a musanya ta hagu da ta dama idan iri ɗaya ne, a ga ko lambar ta bi ta.

Wurin cire sensa a yi haƙuri. Wadda ta shekara ashirin a raminta tsatsa ta riƙe ta. A fesa man kwance noti, a jira, a riƙa murɗa ta dama da hagu a hankali. Idan aka sa sukundireba aka ɓanɓara, kan zai karye ya bar gindin a ciki. Da ta fito a dubi bakinta: sau da yawa za a tarar ya yi gemu da garin ƙarfe da jar ƙasa da giris. A goge da tsumma, a kankare tsatsar da ke wurin da take zama, domin tsatsar na ɗaga ta ta nisanta da zobe. Tazarar da ake so ƴar kaɗan ce, wajen milimita ɗaya. A shafa ɗan giris a jikinta, ban da bakin, a mayar, a ɗaure notin da sauƙi don ƙarami ne, yana saurin tsinkewa.

Wayar da ta karye ana liƙe ta da dalma a rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Idan karayar na daidai inda wayar ke motsi da taya, gara a canza sensar da wayarta, domin dalma ba ta lanƙwasuwa, za ta sake karyewa. A mayar da wayar cikin duk maƙalanta, a karya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe a tabbatar ba ta miƙewa kuma ba ta taɓa taya.

Zobe da boris

Akwai wata matsala da ke tsorata direbobi, wani lokaci ma ba ta kunna fitila. Ana gab da tsayawa, gudu bai fi na mai tafiya a ƙasa ba, sai feda ta yi rawa, a ji gurnani, mota ta ƙara gaba kaɗan. Wannan kusan kullum zobe ne. Tsatsa na shiga ƙarƙashinsa ta kumbura shi har ya tsage, tsagar ta zama kamar haƙori ya ɓace, kwamfuta ta ɗauka tayar ta ƙame. A haska tocila ta ramin sensa, a juya tayar a hankali a bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya, a nemi tsaga, haƙorin da ya lotsa, ko laka da ta cike tsakaninsu.

Idan fitilar ta fara ne bayan an canza kardan, wato sandar da ke juya taya, a ƙirga haƙoran zoben da ke jikinsa. Na Corolla 48 ne. A Peugeot akwai mai 29 akwai mai 48, kuma dukansu suna shiga su zauna daram. Akwai kuma kardan ɗin motar da ba ta da ABS, wanda ba shi da zobe sam. A tafi kasuwa da tsohon a hannu.

Yawancin motoci masu sabon irin sensa ba su da zoben da ake gani. Maganaɗisun yana cikin baƙar robar da ta rufe gefe ɗaya na boris, wanda wasu ke kira rulma. Idan makanike ya juya shi ya sa wannan gefen yana kallon waje, fitila za ta kunna, kuma ba a fitar da boris ɗin da aka danna ba tare da ya lalace ba. Kafin a sa, a kusantar da allura ko siririn ƙarfe ga kowane gefe. Gefen da ya ja shi, shi ne zai fuskanci sensa. Ba a bugun wannan gefen da guduma, ba a kuma ajiye shi cikin garin ƙarfe. Boris ɗin da ya yi lako-lako shi ma yana rikita ƙirge. A kama tayar sama da ƙasa a girgiza, kada a ji motsi. Babban notin tsakiya a motoci da yawa yana son ɗauri sama da Nm 200 a sifana mai auna ƙarfin ɗauri, wanda ba a ƙiyasta shi da tsalle a kan bututu.

Sai yanzu akwatin

Idan batir, fis, waya, sensa da zobe duk sun fita lafiya, an iso kan akwatin. A nau'in Bosch 5.3 da ke kan Passat, Audi A4 da Peugeot 406 da yawa, siraran wayoyin cikin kwamfutar ne ke sakewa saboda zafi da girgiza. Alamarsa fitila na zuwa idan inji ya yi zafi, a wasu motocin allurar gudu ta faɗi tare da ita, na'urar bincike kuma ta kasa shiga. Waɗannan wayoyin sun fi gashi siranta, ba aikin dalmar mai gyaran rediyo ba ne. A nau'in kamfanin ATE na Golf 4 kuwa, sau da yawa dalmar manyan haƙoran da ke kai wa famfo wuta ce ke tsagewa, kuma mai hannu da kyau na iya sake ta.

A motoci da yawa ana iya kwance kwamfutar kaɗai daga jikin ƙarfen ba tare da buɗe bututu ko ɗaya ba, wannan ya rage aiki sosai. Idan za a sayi na hannu, lambar da ke jikin takardar akwatin ake bi, ba sunan mota ba. Na Bosch na farawa da 0 265 ko 0 273, na ATE da 10. Mota iri ɗaya, shekara ɗaya, na iya ɗaukar akwati daban saboda inji ko giya. Na Volkswagen da Audi sai an shigar musu da lambar saiti da na'ura bayan an ɗaura. A yi sharaɗi da mai kaya cewa idan bai yi ba za a mayar.

Abu biyu ke kashe lafiyayyen akwati nan take: haɗa wayar jan wuta daga wata mota a juye, da yin walda a jikin mota batir na haɗe. Kafin mai walda ya taɓa salansa ko shasi, a cire kan batir, a zare soket ɗin ABS.

Man birki na tsotsar danshi daga iska, danshin kuma na sa bawul ɗin cikin akwatin su yi tsatsa su cije. Sabon mai da aka rubuta DOT 4 a gwangwaninsa sai ya kai digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa a wajen 155. DOT 3 daga 205 yake sauka zuwa 140. A canza shi duk shekara 2, lita ɗaya ta isa ƙaramar mota, daga gwangwanin da aka buɗe a gabanka. A bi abin da aka rubuta a murfin robar. DOT 5 ba na motar ABS ba ne. Man inji ko man giya kuwa, ko cokali ɗaya ya shiga, zai kumbura duk robobin da ke cikin birki. Lokacin canza filaket, a buɗe ɗan notin fitar da iska kafin a tura fistan baya, don baƙin man da ya kwanta a ƙasa ya fita waje maimakon ya koma cikin akwatin. Wurin fitar da iska, a yawancin motoci ana farawa daga tayar baya ta dama, a ƙare a ta gaba ta hagu, kuma kada a bar robar ta ƙafe. Iskar da ta shige cikin akwatin sau da yawa ba ta fita sai na'ura ta kunna famfo da bawul. Land Cruiser 100 da Prado masu famfon birki na lantarki suna ajiye mai cikin matsi mai haɗari: makulli a kashe, a taka birki sama da sau 40 kafin a kwance wani bututu.

Direbobin da ke shiga Dakwaro da Mayahi suna cewa ABS na ƙara nisan tsayawa a kan rairayi da tsakuwa, kuma gaskiyarsu ne. Tayar da ta ƙame tana tara ƙasa a gabanta ta tsaya da wuri, ABS kuwa ba ya barin ta ƙame. Amma zare fis saboda haka bai dace ba. Motar nan dai za ta hau kwalta ta yi gudun 100, kuma a wadda akwatin ke raba birkin gaba da baya, zare fis na iya kashe rabon. A rairayi a rage gudu, a fara birki da wuri.

Bayan kowane gyara a goge lambobin, a kashe mota, a sake murɗa makulli a ga fitilar ta kunna ta mutu. A tuƙa a wuce gudun 30, domin wasu motocin ba sa kashe fitilar sai sun ga tayoyi huɗu suna ƙirge daidai. A sami miƙaƙƙiyar hanyar jar ƙasa da babu mutane ko dabbobi, a ɗaura bel, a kai gudun 30 zuwa 40, a danne birki da ƙarfi kada a ɗaga ƙafa. Feda ta yi rawa, a ji famfo na gurnani, mota ta tsaya a miƙe. Idan ta ja gefe ɗaya, ko wata taya ta zana dogon layi a ƙasa, a koma kan wannan tayar da bututunta kafin a ɗauki kowa a motar.